Wuyan Yanka

Tun da aka kai Nuhu makwancinsa a farkon damina, Saraya ba ta ƙara iya zama wuri ɗaya ba. Ta zauna a kujera, ta tashi. Ta ɗauki tsintsiya ta share inda ta riga ta share. Ta leƙa ƙofar gida ta dawo, ba ta san abin da ta je dubawa ba. Matan zumunta na cocinsu sun ce mata haka rashin miji yake, zai wuce. Bai wuce ba, ga shi har Kirsimeti ta ƙarato.

Gidan nasu a Unguwar Dosa yake, cikin wani layi da duk Musulmi ne. A da akwai gidajen Kirista da dama a wurin, amma tun rikicin da ya raba garin Kaduna biyu, kowa ya kwashe nasa ya haye kogi. Nuhu ne kaɗai ya ƙi. Direba ne a ma'aikatar gwamnati, ɗaki-ɗaki ya gina gidan, kuma duk wanda ya zo masa da maganar tashi sai ya ce, "Ni Bakatsine ne, maƙwabcina Bakatsine ne. In na haye kogi, wa zan riƙa tsokana da safe?" Maƙwabcin nan shi ne Malam Labaran, mai jan motar haya daga tashar Kawo zuwa Zariya. Katanga ɗaya ce ta raba su.

Yanzu babu Nuhu, sai wansa Iliya, tsohon ɗan sanda da ke zaune a Sabon Tasha. Tun da aka share makoki bai bar Saraya ta huta ba. A sayar da gidan, ta dawo cikin 'yan'uwa, magana ke nan kullum.

"Mutanen nan Nuhu suke yi wa kara, ba ke ba," in ji shi. "Mace ɗaya tilo a tsakiyarsu, ranar da abu ya tashi wa zai tsaya miki?"

"Yaya, shekara da shekaru muna cin nasu suna cin namu."

"Na Nuhu suke ci. Ki aika musu bana ki gani."

Ranar nan abin ya ishe ta, sai bakinta ya riga hankalinta. Ta ce to, a bar wa Kirsimeti. In ta aika abinci suka ci kamar yadda suka saba, a ƙyale ta a ɗakin mijinta. In kwanukanta suka dawo da abincinsu, za ta ɗaure kayanta ta bi shi. Iliya ya ce ya ji, kuma shi da kansa zai zo ya yi bikin a nan don ya gani da idonsa. Tun daga ranar maganar take cin ta kamar ƙaya a tafin ƙafa.

Ana saura mako guda ɗanta Filibus ya dawo hutu daga makarantar tauhidi a Jos. Shi ke nan gare ta. Ya dawo da rama, da jaka cike da littattafai, da wani sabon zumuɗi da bai bar shi ya zauna ba shi ma. A wannan zangon, in ji shi, an koya musu yadda mai bi zai shiga cikin al'adun mutanen zamani ba tare da ya ɓace a ciki ba, kuma an ba su aikin hutu: kowa ya koma unguwarsu ya gwada, ya rubuto abin da ya gani.

"Mama, malaminmu ya ce kada ka fara da wa'azi," ya ce mata wata safiya tana tsintar shinkafa. "Ka fara da zama. Ka je inda mutane suke taruwa, ka ji abin da ke ba su dariya, ka ji abin da ke hana su barci."

"Shi ya sa tun da ka dawo kake gidan kallon ƙwallo? Ashe karatu kake yi."

"Karatu ne mana."

"Da na san haka karatun fasto yake, ai da na bar ka a teburin Rabe mai shayi, ya fi kusa."

Filibus ya yi dariya, ya ja kujera kusa da ita. Ya ce a ajinsu kullum sai an yi gardama. Wasu sun ce duniyar nan ta lalace, waya da waƙa da ƙwallo duk tarkon Shaiɗan ne, mai bi ya rufe ƙofarsa. Wasu kuma sun ce a'a, a bi matasa duk inda suka shiga, har cikin wayar tasu. Shi dai malamin ba ya raba gardamar. Abin da yake maimaitawa shi ne, duk abin da ka tarar mutane suna yi shekara da shekaru, kada ka taɓa shi sai ka tambayi dalili.

Saraya ba ta gane rabin abin da yake faɗa ba, amma tana son jin muryarsa a tsakar gidan, don ta yi kama da ta ubansa. Da ya ce bana shi zai kai abincin Kirsimeti gida-gida da kansa, ya gaisa da kowane mai gida a ƙofarsa, sai ta ce to. Maganar da suka yi da Iliya kuwa ba ta gaya masa ba.

Ranar jajibere ta tafi Babbar Kasuwa sayen tattasai da albasa da man gyaɗa. Ta bar taurensu ɗaure a gindin dalbejiya, ta bar Filibus da Iliya, wanda ya iso tun da hantsi. A zuciyarta ta san Malam Labaran zai shigo bayan azahar ya yanka, don tun da suka zo layin nan shi ke yanka musu dabbar Kirsimeti, saboda maƙwabta su ci hankali kwance. Kasuwa ta cika ta batse. Ta yi ciniki tana duban rana, ta manta albasa ta koma, motar da ta shiga kuma ta maƙale a cunkoso. Sai bayan la'asar ta iso gida.

Ta tarar da tauren a rataye an feɗe, Iliya yana wanke hannu yana magana a waya, wayar maƙale a kafaɗa. Wani sanyi ya sauka a ƙirjinta. Ashe Malam ya zo. Ashe ba a binne zumuncin tare da Nuhu ba. Ta ga ba a rufe jinin da ƙasa ba kamar yadda Malam ya saba, ta ce a ranta sauri yake yi, ta tura ƙasa da ƙafarta ta rufe. "Allah ya saka wa Malam da alheri," ta ce, ba wanda ya ji ta.

Ta ware wuyan gefe guda. Wuyan yanka na mai yanka ne, kowa ya sani, amma Malam Labaran bai taɓa karɓarsa ɗanye ba. Kullum cewa yake a dafa masa, wai Maman Filibus ta fi matarsa Safara'u iya farfesu, Safara'u kuma ta jiyo ta katanga ta ce to ya koma can da zama.

Ranar Kirsimeti suka je sujada da wuri. Saraya ta tsaya cikin matan zumunta da anko a jikinta, ana kaɗa tulu ana waƙa, bakinta yana motsi amma hankalinta yana kan tukunya. Suna dawowa ta hau zuba shinkafa da miya da nama a samira da kuloli. Filibus ya yi ta ɗauka yana fita, yana dawowa da labari: wane ya ce a gaishe ki, wane ya ce ashe na girma haka. Iliya yana zaune a inuwa da kwanonsa, yana kallon duk kwanon da ya fita.

Da aka gama, ta ɗauko ƙaramar samira mai murfi, wadda farfesun wuyan yake ciki, ta miƙa wa Filibus.

"Kai wa Malam Labaran."

"Ai na kai gidansu, Mama. Su na fara kai wa."

"Wancan na gida ne. Wannan wuyan yanka ne, na mai yanka."

Filibus ya yi dariya. "To ai sai ki miƙa wa Baba Iliya, ga shi nan zaune."

Ba ta gane ba da farko. Ta dubi ɗanta, ta dubi Iliya. Iliya ya ci gaba da tauna.

"Malam bai zo ba jiya?"

"Bai zo ba," in ji Iliya. "Rana tana ta yi, na ɗauki wuƙa na yi addu'a na yanka, yaron nan ya riƙe mini ƙafafu. Ko hannuna ƙazanta ne?"

Samirar ta yi mata nauyi, ta ajiye ta a ƙasa. Ta juya wajen Filibus. "Kai kuma kana tsaye? Ba ka san Malam ne ke yanka mana ba?"

"Na sani, Mama. Amma ai don Baba ba ya iya ganin jini ne. Shi da bakinsa yake faɗa kowace shekara. Na ga Baba Iliya yana iyawa, sai na ga ba sai an wahalar da Malam ba."

Gaskiya ne, haka Nuhu yake faɗa. Yaron kuma tun yana ƙarami yake makarantar kwana, abin da ya ji da kunnensa shi ya riƙe. Duk gidan da kwanon nan ya shiga, sun karɓa ne a kan yankan Malam Labaran ne. Ba wanda zai tambaya, don ba a taɓa ba su dalilin tambaya ba. Ta fara neman mayafinta, ta ɗaga wannan ta ɗaga wancan, alhali yana kafaɗarta.

"Ina za ki?" in ji Iliya.

"Zan je in gaya musu."

Iliya ya ajiye kwanonsa. Muryarsa ta sauka, ba faɗa a cikinta. "Saraya, zauna ki ji. Wa ya gani? Ba kowa. Za su ci su lashe hannu, kwanukanki su dawo a wanke, kin ci ni a magana, ki zauna a gidanki. Ni da bakina nake ba ki. Amma in kika fita kina shelar mun ba su abin da ba sa ci, kin san garin nan. Na yi aikin ɗan sanda a cikinsa. Maganar da ba ta kai wannan ba na ga ta zama wuta."

Ta tsaya. Abin da ya faɗa ba ƙarya ba ne. Ta dubi ƙofar ɗakin Nuhu, da ƙusar da yake rataye hularsa, da dalbejiyar da ya dasa shekarar da aka haifi Filibus. Shiru kawai za ta yi, duk su zama nata har ta mutu.

"Wace magana ce kuka yi?" in ji Filibus. Sai ya matso kusa da ita, yana murza hannuwa. "Mama, mun karanta wannan a makaranta. Har cikin malamansu akwai waɗanda suka ce yankanmu ya halatta gare su. Ba duka suka hana ba."

"To su suka zaɓa, ko mu muka zaɓa musu?"

Filibus ya sunkuya ya jawo takalmansa. "Ni na kai, ni zan karɓo."

"Kai ba ka shiga gidan matan aure. Ni zan shiga ciki, kai ka ji da mazan waje."

Iliya ya kira sunanta sau biyu, ba ta juya ba. Sai a bakin titi ta lura silifas ɗin da ta saka ba iri ɗaya ba ne.

Teburin Rabe mai shayi ne farko, a bakin layi. Bazamfare ne, iyalinsa suna can gida, kowace shekara da kwanonsa. Suka tarar da shi yana sakace, samirar a gefensa fes kamar an wanke. Filibus ya durƙusa ya yi masa bayani, yana haɗa kalmomi da ƙyar. Rabe ya dubi samirar, ya dubi cikinsa.

"To Fasto, sai dai ka biyo shi ciki," ya ce. "Abin da na ci ban sani ba, Allah ba zai kama ni a kansa ba. Amma Maman Filibus, don Allah baɗi a riƙa zuwa da irin wannan labari kafin mutum ya kai ga ƙashi."

Saraya ta so ta yi dariya, ba ta fito ba. Ta wuce gidan Hajiya Atika, matar wani babban ma'aikaci da ya yi ritaya, gida mai ƙofar ƙarfe. Ta yi sallama ta shiga. An shimfiɗa tabarma, jikoki sun kewaye kular, Hajiya tana riƙe da cokali za ta fara zubawa.

"Hajiya, dakata don Allah. Kada ki ba su."

Ta faɗi abin da ya faru a tsaye, ba ta ƙara ba ta rage ba. Hajiya Atika ta ajiye cokalin a hankali, ta mayar da murfin. Ta ce wa jikokin su tashi su shiga ciki. Ƙaramar ta fara kuka tana nuna naman.

"Da ba ki zo ba fa?" in ji Hajiya.

"Ga ni na zo, Hajiya."

"Kin zo." Ta tura kular da yatsa zuwa bakin tabarma. "Allah ya kiyaye gaba."

Ba ta ce ta zauna ba, ba ta yi mata barka da biki ba. Saraya ta ɗauki kular ta fito.

Haka suka bi layin. Wani gidan an ce ba komai, an miƙo kwanon. Wani gidan an riga an ci, matar gidan ta ce to kawai. Wata tsohuwa ta riƙe hannun Saraya ta ce Allah ya yi mata albarka, amma ita ma ta mayar da abincin. Filibus yana biye da ita, kwanuka sun cika masa hannu har ƙirji, rigar bikinsa ta ɓaci da miya. Samarin da yake kallon ƙwallo da su suna zaune a kan benci, wani ya ɗaga murya, "Fasto, yau kuma rabon ne aka fasa?" Ya wuce da kwanukansa.

Gidan Malam Labaran ta bari a ƙarshe, ko da yake shi ne mafi kusa. Can ne take tsoro. Malam yana zaune a kan tabarma a ƙofar gida, ya amsa gaisuwarta bai ɗago sosai ba. Ta shige ciki. Safara'u tana tsakar gida tana tankaɗe, samirar kuwa tana can kan turmi a rufe, ba a ko ɗaga murfin ba.

"Maman Ilham, na zo karɓar kwanon nan. Ba yankan Malam ba ne."

"Ai mun sani," in ji Safara'u, ba ta daina tankaɗen ba. "Wa zai fi mu sani? Cewa muka yi ko kin samu wani mai yankan ne, wanda ya fi mu."

"Wane irin wani? Ni na tafi kasuwa na bar gida a kan Malam zai shigo. Na dawo na ga nama a rataye, har albarka na sa masa."

Safara'u ta ajiye rariyar. Ta dubi Saraya tun daga mayafi har silifas ɗin nan biyu da ba su dace ba. "Ke yanzu duk layin nan kika bi kina karɓowa?"

"Duka."

"Har gidan Hajiya Atika?"

"Har can."

"Innalillahi," in ji Safara'u a hankali. "Maman Filibus, mutumin nan jiya bai je tasha ba. Tun azahar ya wasa wuƙa ya zauna a ƙofar gida. Har aka kira magariba yana nan. Ko tuwo bai ci na kirki ba."

Saraya ta fito da samirar a hannu. Ta tarar Filibus ya sauke kwanukan a ƙasa, ya tsuguna a gaban Malam Labaran, ya riga ya faɗi nasa. Ita ma ta rage tsawo daga gefe.

"Malam, ni na zaci da kanka kake zuwa."

"Da kaina?" Malam Labaran ya ɗago. "Haba Maman Filibus. Gidan da mai shi ya rasu, in kama wuƙa in faɗa ciki ba a kira ni ba? Ai ko yana raye ban taɓa shiga ba sai ya zo. Kowace shekara, ana gobe jajibere, sai ya tsaya a nan inda yaron nan yake, ya miƙo mini goro ya ce, Labaran, ka san ni ba na iya ganin jini. Ni kuma in ce masa raggo, an ji kunya."

Saraya ba ta taɓa sanin wannan ba. Shekarun nan duka, ashe da ƙafarsa yake zuwa.

"Baba," in ji Filibus, "da gaske ba ya iya ganin jinin?"

Malam Labaran ya yi wata gajeriyar dariya. "Ubanka? Mutumin da muka ciro mutane tare daga motar da ta kife a hanyar Zariya, jini har gwiwar hannunsa, ni ina amai shi yana ɗauka?"

"To me ya sa yake faɗin haka?"

Malam ya sa hannu ƙarƙashin tabarma ya gyara wani abu da ke naɗe a tsumma.

"Ban taɓa tambayarsa ba. Amma in da cewa ya yi, zo ka yanka don ku samu ku ci, ai ka ga ya yi mini alfarma ke nan, ni kuma in ci da nauyi. Sai ya mayar da abin kamar ni ke taimakonsa." Ya share fuska da tafin hannu. "Ɗan banza. Ya tafi ya bar ni ba abokin faɗa."

Suka koma gida. Filibus ya jera kwanukan a gindin dalbejiya, kusan duka da abincinsu. Iliya ya tashi ya zo ya tsaya a kansu, hannuwansa a baya.

"To, Saraya. Ga amsarki."

Bai faɗa da murna ba. Ita ma ba ta musa ba, ita ta yi alkawarin da bakinta. Ta shiga ɗaki ta fito, ta ɗauki tsintsiya ta ajiye. Ta tsaya tana kallon akwatin ƙarfen da ta zo da shi gidan aure, tana tunanin ko zai ɗauki kayanta. A nan ne Iliya ya gaya wa Filibus maganar da suka yi, a taƙaice. Yaron ya saurara har ƙarshe, ya dubi uwarsa ta ƙofa, sannan ya dubi zakarun da take kiwo suna tono a bayan madafa.

"Baba, rana ba ta faɗi ba tukuna," ya ce. Ya fita.

Saraya ta bi shi har ƙofar gida ta tsaya. Ta ga ya nufi teburin Rabe, ya sayi goro, Rabe yana yi masa wata magana yana dariya. Ta ga ya dawo ya tsaya a gaban tabarmar Malam Labaran, da rigarsa mai miya, ya tsuguna ya miƙa goron da hannu biyu. Daga inda take tana jin su.

"Baba, muna da zakaru a gida. Ka san ni ba na iya ganin jini."

Malam Labaran ya dube shi, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya karɓi goron ya jefa a aljihu, ya zaro wuƙar daga ƙarƙashin tabarma.

"Raggo ɗan raggo," ya ce. "Wuce mu je."

Kamun zakarun ma sai da ya zama aiki. Filibus ya bi su har bayan randa, ɗaya ya haye katanga sai Safara'u ce ta miƙo shi ta sama tana cewa ga ɗan gudun hijirarku. Malam ya gaisa da Iliya, ya tsuguna a gindin dalbejiya ya fuskanci gabas, Filibus ya riƙe masa ƙafafu da fukafukai. Da ya gama ya tura ƙasa ya rufe jinin. Ba a jima ba Safara'u ta shigo da babbar tukunyarta da ba a taɓa naman tauren da ita ba, ta ce a matsa mata. Suka fige, suka dafa sabuwar shinkafa, hayaƙi yana shiga musu ido. Naman bai kai ya ishi layi ba, kowane kwano tsoka ɗaya ko biyu. Kafin magariba Filibus ya sake ɗauka ya fita, kuma a kowace ƙofa sai ya faɗi wanda ya yanka kafin ya miƙa.

Washegari da safe kwanukan suka fara dawowa. Na Rabe ne farko, da ƙullin ganyen shayi a ciki. Na tsohuwar nan ya zo da dabino. Wani da sabulu, wani a wanke kawai. Saraya tana karɓa tana buɗewa. Kular Hajiya Atika ce ta zo a ƙarshe, mai gadinsu ya kawo. Da ta ɗaga ta ji nauyi, ba sai ta buɗe ba.

Iliya ya riga ya shirya, an ɗaure masa naman tauren da shinkafar jiya a bayan babur, zai kai wa mutanen Sabon Tasha. Ya dubi kular.

"Ɗaya ya dawo da abinsa."

"Na gani, Yaya. Ɗaya ne."

Ya tsaya yana juya makulli a hannu. Ya dubi katangar Malam Labaran, ya dubi ƙusar nan da ƙanensa yake rataye hula, yanzu babu komai a kanta. "Ki riƙa barin wayarki a kunne," ya ce. Ya tayar da babur ya tafi.

Filibus yana zaune a bakin ƙofar ɗaki da takardar aikin hutunsa a kan gwiwa, tun safe bai rubuta ko layi ɗaya ba. Ya ce bai san ta inda zai fara ba. Saraya ta ce ya fara da cin abinci. Ta buɗe kular Hajiya Atika, ta juye shinkafar a tukunya ta ɗumama musu, ta wanke kular ta kife a kan randa. Wata rana za ta sake cika ta ta aika, ko a ci ko a mayar.

Ta ja kujera gindin dalbejiya ta zauna da kwanonta. Ta katanga tana jin Malam Labaran yana neman makullin mota, Safara'u tana ce masa yana aljihun da ya sa goro. Saraya ta ci abincinta a zaune har ta cinye, tsintsiya tana jingine inda ta bar ta jiya.